Kyandir huɗu da mataccen aku

In kuka tare ɗan lakwal a Maraɗi ko a Tawa kuka tambaye shi wane ne gwanin ban dariya na ƙasar Ingila, ba zai yi dogon tunani ba, zai ce Mista Bin. Ubansa, in ya taɓa zaman Faransa a shekarun 1980, zai tuno da Benny Hill da guje-gujensa a tashar FR3. Kakansa kuwa sai ya ce Sharlo, wato Charlie Chaplin, haifaffen birnin Landan a 1889, wanda aka sha kallo a gidajen sinima marasa rufi. Abu ɗaya ya haɗa su ukun nan: abin da ya iso mana daga gare su ido ne ke cinsa, kunne ba ya da rabo. Bebe ba ya biyan duwan a iyakar harshe, shi ya sa ya riga kowa ƙetarowa.

Daga nan ne mutane da dama suka yanke hukunci cewa dariyar Ingilishi ita ce ƙato ya murguɗa baki, ya yi tuntuɓe, ya faɗa cikin ruwa. Wannan hukunci bai yi musu adalci ba, kuma mu ma ya rage mu, domin samarinmu masu wasan ban dariya a wayar salula yanzu tuntuɓen suke kwaikwaya. Mista Bin kashi 15 kaɗai aka yi, tsakanin 1990 da 1995. Rowan Atkinson ɗin da ke yin sa, daga 1983 zuwa 1989 ya yi wani wasa mai suna Blackadder, inda yake fitowa a mutum mai harshe kamar aska, ba ya buɗa baki sai ya yanki wani. Wancan bai iso mana ba, saboda kayansa duka magana ne, magana kuwa sai da tafinta. To, tun da juya magana daga wani harshe zuwa wani shi ne abincina, ina da ta cewa a nan, balle yanzu da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuwa harsunan aiki. Fassara za ta ƙaru a ƙasar nan, har da ta abin dariya, kuma gara mu san yadda za mu kama ta tun ba ta kama mu ba.

Akwai dalilin da ya sa harshen Ingilishi ya dace da wasan kalmomi. A 1066 sarkin Normandi ya ƙetara teku ya ci Ingila da yaƙi, aka yi shekaru wajen 300 fada tana Faransanci, talakawa suna harshensu na gado. Da harsunan suka gauraya sai abubuwa da yawa suka sami suna biyu. Mai karatun wannan jarida zai gane mouton da bœuf cikin sunan da Ingilishi suke ba naman tunkiya da na sa in ya hau tebur, alhali dabbar da ke garke tana nan da tsohon sunanta. Bayan haka kalmominsu suka gajarce, lafazi ya yi gaba ya bar rubutu a baya, har ya zama kalmomi masu tarin yawa sauti ɗaya gare su, ma'ana dabam. Mai ban dariya a can bai rasa itacen hura wuta ba.

Mu ɗauki wasan da suka fi yawan tunawa. Mutum biyu ne, Ronnie Barker da Ronnie Corbett, suka yi shiri a telebijin BBC daga 1971 zuwa 1987, kuma a cikin Satumba 1976 suka nuna wani ɗan guntun wasa na kantin kayan ƙarfe. Barker ya shigo cikin shigar lebura, da takardar sayayya a hannu, ya nemi abin da kunnen mai kanti ya ji kamar kyandir huɗu, ko buji huɗu kamar yadda muke cewa. Mai kanti ya jera masa kyandir huɗu. Ashe ƙotar cebur mai yatsu yake nufi, irin wanda suke kaftar lambu da shi. A rubuce four candles dabam, fork handles dabam, amma a bakin talakan Landan da ba ya furta harafin h, abu ɗaya ne. Haka aka ci gaba: ya nemi wani abu, aka kawo hauya, ya ce a'a, aka kawo tiyo, ya ce a'a, ashe harafin O na ƙarfe yake so wanda ake kafawa a ƙofar gida. Mai kanti, ɗan gajeren mutum, yana hawa tsani yana sauka, yana cika yana batsewa, mai saye kuwa ko gezau, domin a ganinsa ya faɗi magana sarai. Barker ne ya rubuta wasan, ya ɓoye sunansa ya sa Gerald Wiley, don kada a karɓi rubutun saboda ganin idonsa. Da ya rasu a 2005, aka yi taron tunawa da shi a babban cocin Westminster a shekarar da ta biyo, sai aka shigo da kyandir huɗu maimakon biyun da aka saba.

Yanzu ku ba tafinta wannan wasa ku ce ya juya. In ya bi kalma da kalma, mai kallo zai ga mutum ya nemi kyandir, an ba shi, ya ce ƙota yake so, sai ya ce wannan ai mahaukaci ne. In kuma ya tsaya bayani, ya ce ku lura fa, a harshensu kalmomin nan sun yi kama, to, ya yanka dariyar ya feɗe ta, ya miƙa wa jama'a fata. Hanya ɗaya ce ta rage, ita ce a rushe a sāke gini da tubalin gida. Ingilishi da kansu sun nuna ana iyawa. Da Anthea Bell da Derek Hockridge suka fara juya Astérix daga Faransanci a 1969, ɗan karen nan Idéfix, wanda sunansa ke nufin kafaffen ra'ayi, suka mai da shi Dogmatix, sunan da ya riƙe ma'anar kafiya ya kuma ƙara da kalmarsu ta kare a farkonsa. Wannan fassara ta ci riba a kan uwar kuɗi.

Amma in mun zo gini da Hausa, sai mun san halin tubalinmu, gama ba irin nasu ba ne. Wasan Ingilishi a kunne yake rayuwa, in an rubuta shi asiri ya tonu. Namu sau da yawa akasin haka ne. Gari da gari a takarda ɗaya suke, amma babu Bahaushen da zai ji an ce a auno gari ya zaci Damagaram za a zuba masa a tiya. Haka kuka da kuka, haka wuya da wuya, haka fari da fari. Karin sauti da tsawon wasali suna raba su a baki, rubutunmu ne bai nuna ba. Saboda haka marubucin da ya zauna a buro ya ga kalmomi biyu sun yi kama a takarda, ya ɗauka ya sami abin dariya, yana iya shan kunya ranar da aka hau dandali, sai fa in ya sa maganar a bakin baƙon da bai iya kari ba. Taskarmu ta ainihi tana cikin kalmar da sautinta ɗaya ne, aikinta ɗari. Ku dubi ci kaɗai: a ci tuwo, a ci kasuwa, a ci amana, a ci sarauta, a ci jarrabawa, a ci mutunci, a ci gari da yaƙi. Alƙali ya dubi wanda aka yi ƙara ya ce, “Ka ci bashin mutumin nan?” Shi kuwa ya ce, “Allah ya gafarta malam, da azumi a bakina?” Alƙali ya ce, “To, za ka sha ɗauri.” Ya ce, “A bari a sha ruwa tukuna.” Wannan kyandir huɗu ne namu na kanmu, kuma babu Ba'ingilishen da zai iya ɗauke shi ya kai gida ba tare da ya zube a hanya ba.

Wasan da na fi so kuwa na mataccen aku ne, na ƙungiyar Monty Python. Su shida ne, biyar ƴan Birtaniya da Ba'amurke ɗaya, suka yi kashi 45 a BBC daga Oktoba 1969 zuwa 1974. A cikin Disamba 1969 aka nuna John Cleese ya komo kantin tsuntsaye da keji a hannu, yana ƙorafi cewa akun da ya saya ɗazu matacce ne. Michael Palin, mai kanti, ya kafe cewa hutawa yake yi, ko kuwa kewar ƙasarsu ta Norwe ce ta dame shi. Mai saye ya yi wa aku ihu a kunne, ya buga shi a kan tebur, ya ma gano cewa da ƙusa aka kafe shi a kan sandarsa, duk da haka mai kanti bai saki ba. Daga ƙarshe mutumin ya fusata, ya kwance buhun duk lafuzan da harshensu ke sakaya mutuwa da su, na coci da na kan titi, yana jerowa ɗaya bayan ɗaya a kan ɗan tsuntsu. Wasan ya shiga bakin jama'a har a 1990 Margaret Thatcher, tana firaminista, ta ari kalmominsa a taron jam'iyyarta ta yi wa abokan hamayya ba'a a kan tsuntsun da suka sa a tambarinsu.

Wannan kam Hausa za ta ɗauke shi da hannu ɗaya. Mu ma ba mu cika son kiran mutuwa da sunanta ba. Ya rasu, ya riga mu gidan gaskiya, ya kwanta dama, wa'adi ya cika, rai ya yi halinsa, ƙasa ta rufe masa ido, Allah ya yi masa cikawa, sa'an nan a gangaro kasuwa a ce ya shura, ya sheƙa barzahu, ya ce ga garinku nan. Har ma mun fi su da abu guda, domin a wurinmu dabba mutuwa take yi, rasuwa ta ɗan Adam ce, saboda haka da zarar an ce aku ya rasu an riga an fara murmushi. Kuma mu ƴan Nijar muna da wata kyauta da ƴan'uwanmu na Kano ba su da ita, kalmar da muka aro daga monsieur muke kiran malamin lakwal da ita. Ku ji mai saye ya ɗaga aku ta ƙafa, ya dubi mai kanti ya ce, “Mushe, wannan fa mushe ne.” Duk wanda ya taɓa riƙe alli a ƙasar nan ya san wannan wasa, ya kuma san yara sun yi masa shi a bayan ido.

Wani abin da ya wasa harshen masu ban dariyar Ingila shi ne takunkumi. Daga 1737 har 1968 babu wasan da ke hawa dandali a can sai wani babban ma'aikacin fada, Lord Chamberlain, ya karanta ya sa hannu. A 1949 kuma BBC ta raba wa ma'aikatanta wani ɗan koren littafi mai jerin abubuwan da ba a yarda a yi dariya a kansu ba. Da aka toshe ƙofa sai suka koyi magana mai harshen damo, wadda in an kama mutum zai ce shi kam ga abin da ya faɗa, mai saurare ne zuciyarsa ba ta da tsarki. Mu wannan ba sabo ba ne a gare mu. Kishiya a bakin turmi ba ta kiran suna, amma tsakar gida duka ta san inda habaicin ya sauka. Ƴan kama suna ɗaukar muryar malami da zubin karatunsa su cika shi da zancen tuwo da nama, malamai kuma su yi dariya tare da kowa. Wasan kara na Damagaram, inda matasa ke kwaikwayon manya da masu mulki a gaban idonsu, shi ma a kan wannan igiya yake tafiya.

A nan ne zan ambaci wasan da ya fi shafar mu ma'aikata, Yes Minister, wanda Antony Jay da Jonathan Lynn suka rubuta, aka fara nunawa a 1980. Sabon minista ne, Jim Hacker, ya zo da niyyar gyara, ya tarar da babban sakatare, Sir Humphrey, wanda makaminsa jimla ce. In minista ya yi masa tambayar da amsarta i ko a'a, sai ya saki magana mai rassa da ƴaƴan rassa, kowace kalma daidai take, amma in ya dire babu wanda ya san inda aka kwana. Duk tafintan da ya taɓa karɓar wasiƙar Faransanci mai layi goma sha biyu, ya juya ta Hausa ya ga ta koma kalma biyu, “a dakata”, ya san Sir Humphrey ba a Landan kaɗai yake da buro ba. Hausa ba ta da duhun da irin wannan jimla ke ɓuya a ciki, kuma ina ganin wannan alheri ne ga talakan da za a karanta wa takarda. Masu cewa zancen dariya ɓata shafin jarida ne alhali ga matsalar abinci ga ta tsaro, su dubi wannan. Mutumin da kunnensa ya saba kama magana mai fuska biyu a wurin wasa, da wuya a sayar masa da ita a wurin taro.

Ba duk kayansu nake sha'awa ba. Benny Hill da bin ƴan mata da gudu, tun a can gidansu ma an gaji da shi, aka tsai da shirin a 1989, kuma ban ga abin da muka rasa ba. Wanda ya fi ba ni tunani shi ne Fawlty Towers, kashi 12 da John Cleese da Connie Booth suka rubuta, aka nuna a 1975 da 1979. Wasa ne ginanne ƙwarai, na mai otal mai baƙar zuciya a garin Torquay. Amma babban rabo na dariyar a kan Manuel yake, boyin otal ɗan Barselona wanda bai ji Ingilishi sosai ba, yana shan tsawa da mari. Da aka juya wasan a Sipaniya sai aka mai da shi ɗan Italiya, a telebijin Kataloniya kuma, inda Barselona take, ya zama ɗan Meziko. Kowa yana son a yi dariyar baƙo muddin baƙon ba ɗan gidansu ba ne.

Wani zai ce ai mu ma muna yi, muna kwaikwayon Hausar Bafillace da ta Buzu da ta Bazabarme. Gaskiya ne, amma akwai bambanci babba. Wasan taubasai da na ƙabilu, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014, bashi ne da ake biya nan take. Bagobiri ya tsokani Bazabarme, Bazabarme ya rama kafin ya rufe baki. Bafillace ya kira Babarbare bawansa, Babarbare ya mayar masa da ribi biyu, kuma babu wanda ya isa ya yi fushi. Manuel kuwa ba a ba shi bakin ramawa ba. In za mu sa gurguwar Hausa a bakin wani a rediyo ko a tele, sai mu ba shi nasa lokacin da zai kayar da Bahaushe, kamar yadda ake yi a zaure. Samanja na Kaduna, wanda Usman Baba Pategi ya yi shekaru yana fitowa a cikinsa, Hausar bariki yake yi mai gauraye da Ingilishi, amma shi ne mai tsawa, shi ne mai gida, shi ya sa babu wanda ya ji an wulaƙanta shi.

To, me za mu ara? Fasahar baki muna da ita, wanda ya ga wasannin Yazi Dogo da abokansa na Damagaram ba ya bukatar shaida. Abin da Ingilishi suka fi mu shi ne zama a rubuta. Spike Milligan, tsohon sojan igwa na yaƙin duniya na biyu, shi ya rubuta mafi yawan The Goon Show da BBC ta watsa daga 1951 zuwa 1960, mako bayan mako, da murya da ƙarar kwano kaɗai, babu hoto ko ɗaya. Cleese da Booth sukan yi makonni a kan kashi guda na minti talatin. Namu gwanayen sun saba a ba su ƙashin labari su sa masa nama a gaban makirfo, abin ya yi daɗi ranar, gobe iska ta kwashe. Ga shi kuwa rediyo ya fi kowace hanya dacewa da mu, ba ya son kamara, ba ya son kayan ado, kuma yana shiga bukkar da ba ta da lantarki.

Ina roƙon gidajen rediyonmu, na gwamnati da na masu zaman kansu, su ware wa marubucin wasa kuɗinsa dabam da na ɗan wasa, ko da jika kaɗan ne a kowane kashi, kuma a ajiye rubutun a ma'ajiya bayan an watsa. Masu juya finafinan waje kuma, kamar yadda ƴan Kano suke yi wa na Indiya, a sakar musu mara su canza suna da gari da sana'a in dariyar ta bukaci haka, a daina auna su da ma'aunin mai juya takardar doka. Sa'an nan makarantun horon malamai su koya wa ɗalibai alamar kari da ta tsawon wasali, ko ba don rubutun yau da kullum ba, domin takardar wasa kam tana bukatarsu. Ɗan wasan da aka miƙa wa layi an rubuta “kawo mini kuka” ya kamata ya san tun daga takardar ko miya ake nema ko hawaye.